Gashin Zabo a Gidimuni

Kawu Mutari bai yarda da tana a ƙugiya ba.
Ya ce wannan aikin rago ne,
mai jefawa ya yi barci a gindin dabino.

Shi gashin zabo yake ɗaurewa
da zaren da ya warware daga tsohuwar hularsa,
har ƙugiya ta koma shinge,
irin mai fita bayan ruwan farko.

Da damina tafki ya yi ja,
kifi bai ga komai ba, mu ma haka.
Muka koma gida da laka har gwiwa.
Inna ta ce, "To, a dafa gashin mana."

Da kaka ruwa ya kwanta.
Ya wurga, ya ja, ya sake wurgawa,
shingen ƙarya ya sauka a hankali
kamar gaisuwar suruki.
Karfasa ta leƙo, ta yi shawara, ta haɗiye.
Huɗu muka samu ranar. Ɗaya ya mayar,
wai ba ta gama wayo ba.

Da rani tafki ya ja baya, ya bar kanwa a gefe,
gaiwa ta shige laka ta rufe ƙofa.
Kawu ma ya kwanta.

Bana ruwan farko ya sauka daren Laraba,
shinge ya rufe fitilar masallaci.
Na buɗe gwangwaninsa na madara:
ƙugiya bakwai,
ta takwas zarenta na lilo.

Hannuna bai iya ƙullin ba tukuna.
Zabin maƙwabta dai sun fara guduna.