Lambar Ƙofa

Ni na rubuta lambar nan da alli,
gida na sha bakwai, ƙofar Jauro Manu,
shekarar da hukuma ta ba ni jaka da hula
ta ce, je ka ƙirgo mana ƙauyukan gabashin Dukku.
Gidan nan kaɗai rai ashirin da uku,
ban da wanda ya faɗo ina zaune a zaure.
Na jira guɗa ta lafa,
na ƙara shi da jan biro.

Yau na bi layin da sandata.
Damina talatin ta lashe allin,
ni dai ina ganin lambobin.
Sha bakwai, Goggo Dudu da awaki biyu.
Sha takwas, kwaɗo a ƙofa, ya yi tsatsa.
Sha tara, rediyo na ta zuba shi kaɗai,
Bappa Inuwa ya yi barci ya bar shi.

Ba annoba ba ce, kada a yi wa ƙaddara ƙage.
Takarda ce mai hatimi.
Wata ta ɗauke ɗakin haihuwarmu ta kai hedikwata,
mai naƙuda sai bayan babur, cikin kwazazzabo.
Ladidi ta yi tafiyar nan sau biyu,
ta ce na uku sai dai wata.
Wata takardar ta ce taki na nan tafe,
ya iso muna ɗaure dawa.
Wata ta ce fetur ya tsaya da ƙafafunsa,
kuɗin mota zuwa Gombe ya haɗiye tiyar wake uku.
Ba wanda ya ce mu tashi.
Tabarmar kawai aka riƙa ja, a hankali,
har mai ƙarfin gwiwa ya miƙe.

Jikin bangon asibitin da aka rufe
hoton nan yana nan, ya koɗe:
miji da mata da yara uku, haƙora a waje,
an rubuta tazarar haihuwa.
To, tazara ta samu.
Babayo na Fatakwal wata goma sha ɗaya,
matarsa da wa za ta yi shawarar?

'Yar Tabawa kuwa ta karanci jinya,
wata ƙasa mai sanyi ta buɗe mata ƙofa,
wai can ma tsofaffi sun fi masu ɗaga su yawa.
Tana yi wa kakar wasu wanka,
ta turo kuɗi ta waya ran Juma'a.
Tabawa na sayen ruwa da kuɗin,
ba ta da mai ɗora mata tulu.

Ni ma nakan je Gombe in bi layi,
in dangwala yatsa, in shaida ban mutu ba.
Bara na'urar ta ƙi ni.
Ƙotar fartanya ta cinye zanen babban yatsana.
Yaron ya ce, Baba, kwamfuta ba ta gan ka ba.
Na ce, ɗana, sake dubawa,
wataƙila ni na ƙirga ubanka.

Ran da Jauro Manu ya cika,
mu shida muka ɗauki diga.
Ƙaramin cikinmu furfura ta gama da gemunsa.
Mun haƙa, mun huta, mun haƙa,
azahar ta same mu a gwiwa.
Mai jan biron nan ya kira daga Legas,
aka kara wayar kusa da makara,
muna jin hon ɗin motoci a bayan kukansa.

An ce za a sake ƙidaya.
Madalla.
In kun zo kada ku tambaye ni mutum nawa ke kwana a nan.
Ku shiga ɗakunan,
ku ƙirga tabarmin da ke naɗe a jingine,
da kwanukan da Goggo Dudu ke wankewa duk Alhamis
ba wanda ya ci a ciki.
In allinku ya ƙare, akwai guntu a jakata.