Inda Leda Ke Kwana

Da ganye uwata take ƙunshe shinkafa da wake.
Ni da leda nake yi, baƙa, biyu-biyu, kada miya ta ɗiga.
Ɗari uku a wuni, in Nima ta tashi da yunwa.
Ban taɓa tambayar inda suke kwana ba.

Ruwan sama ne mai shararmu.
Yakan zo da dare ya kwashe lungu ya juye a babbar kwata,
kwata ta miƙa wa Odo, Odo ta miƙa wa Korle,
Korle ta tofar a teku.
Da safe mu ce, kai, unguwa ta yi fes.

Sai Mutala, ɗan ƙanwata mai karatu a Legon,
ya sa mini waya a ido, ya ce, Inna, duba.
Na ga wasu korayen abubuwa kamar ɗan kunnen amarya,
wani kamar ƙwayar tsakiya, wani kamar tsani.
Ya ce tsirrai ne, dubunsu a ɗigo ɗaya,
ba su da saiwa, ba su da gona sai fuskar ruwa,
rana suke ci.
In kin ja numfashi biyu, ɗaya su suka ba ki.

Na ce to, wannan mai tsini fa, shuɗin nan?
Ya yi shiru.
Ya ce leda ce da ta gaji, ta zama gari.
Ba ta mutuwa, ƙanƙancewa take yi.
Ta manne musu, ta tare musu haske, ta tsiyaya musu ɗaci,
ƙwaron ruwa ya haɗiye ta a zaton tsiro,
ƙaramin kifi ya haɗiye ƙwaro.

Sauran ban bari ya faɗa ba.
Ni ke sayen kifin Ataa Kwei a Chorkor,
na ga komarsa ranar Laraba,
nauyi har maza shida suna nishi,
aka buɗe, silifa, gorar lemo, ledar ruwa,
kifi bai cika kwano ba.
Ni na soya shi. Ni na ɗora a kan shinkafa.

Jiya na je Agbogbloshie neman ganye.
Ya yi tsada, wallahi ya yi tsada.
Na sayo ƙulli biyu.
Mai saye na farko ya kalli ƙunshin, ya shinshina,
ya ce ya tuna kakarsa,
sannan ya ce, Hajiya, ɗan sa mini a leda.