Canji a Ƙarshen Layi

Kalmar nan ba a gidanmu aka yanke mata cibiya ba.
Jirgin ƙasa ne ya kawo ta Ƙaura Namoda,
tarago ɗaya da gishiri da kananzir.
Ta sauka ba mai tarbo,
ta ga bakinmu a buɗe, ta shiga ta zauna.
Muka ɗaura mata wasali a ƙugu kamar zane,
muka raɗa mata canji.

Babana Nomau da tafin hannu ya san ta.
Shekara talatin da ɗaya
yana tsaye inda dogo ya rabu biyu,
jar tuta a hammata, fitila in dare ya yi.
Ya danne ƙarfe da dukan nauyinsa,
layi ya gusa faɗin yatsa huɗu kacal,
sai jirgi da duk girman kansa
ya bi inda aka ce ya bi.
Yakan ce: "Ɗiyata, canji ba ƙato ba na.
Taki guda na.
Amma in kin makara da shi, gawa aka kwasa."

Wurin Tumba mai ƙosai, bakin tasha,
canji shi ne abin da ya saura bayan ciniki.
Ta kwance bakin zane, ta duba, ta yi tsaki,
in babu sai ta ƙara maka guda biyu:
"Ga canjinka nan, ci shi da zafi."

Mande direba, a hanyar Shinkafi,
ya ce in mota ta fara nishi a hawa
ba zagi take so ba.

Ni kuma a takarda ta same ni,
da hatimi, da sa hannun wanda ban taɓa gani ba:
an yi mini canji zuwa Anka.
Na bar ɗalibai arba'in a tsakiyar darasin aikatau.

A can wani malami ya tsare ni:
me ya kai mu aro, alhali rumbunmu cike?
Ga sauyi, ga juyi, ga musaya.
Na kwana ina auna su.
Sauyi a hankali yake zuwa, kamar furfura,
ba ka jin sallamarsa.
Juyi na waina ne a tanda,
ita ce dai, ɗaya fuskar ta nuna.
Musaya sai da hannu biyu da yarda.
Canji kuwa ƙarar ƙarfe gare shi,
ƙas! an gama,
kuma sau da yawa ba kai ke riƙe da sandar ba.

Masu lasifika ma sun zo da ita,
sun zagaya kasuwa, ƙura har kan tumatir.
Muka miƙa musu babbar takarda.
Har yau muna tsaye da hannu a buɗe
muna jiran canjinmu.

Sannan jirgi ya fara jinkiri,
ya koma jefi-jefi, ya koma labari.
Awaki suka gaji dogo.
Tafasa ta tsiro tsakanin katakai.

Ran da Baba ya tafi
ba wanda ya ɗauko kalmar.
Aka ce ya cika. Aka ce ya koma.
Baƙuwa ta san iyakarta, ta tsaya a zaure.
A aljihun tsohon kakinsa
na sami kwabo uku masu huji,
canjin wani ciniki da ba wanda ya tuna,
ba sa sayen ko ashana.

Jiya da la'asar na je wurin ƙarfen.
Na danna da hannu, na sa gwiwa,
tsatsa ta shafa mini lalle, bai motsa ba.
Na zauna a kan dogo, yana da sauran ɗumin rana.
A nan layi ya ƙare, gaba sai gonar gero.
Duk jirgin da ya taɓa isowa garin nan
sai da ya juya fuska
ya dubi inda ya fito.