Dusa Biyu

A Kajaani, rana leƙe kawai take yi,
kamar baƙon da ya ɓata ƙofa,
ta ba da haƙuri, ta juya.
Ƙarfe uku na yamma fitila ke ci
a falon Sirkka Moilanen,
ni kuwa ina durƙushe, ina karanta daɓenta da tafin hannu.

Bakin ƙofa ya fi ko'ina jin jiki.
Hunturu arba'in da ɗaya
takalma na shigo da tsakuwa da gishirin titi,
ƙanƙara ta narke, ta kwanta,
ta bar baƙin tabo mai siffar tafki.
Ga kartar karen da ya mutu tun ban yi furfura ba.
Ga gurbin ƙafafun fiyano.
Ga wata hanya da ta koɗe fari fat
daga murhu zuwa taga.
Ban tambayi wa ake jira ba.

Kafin inji, ƙusa.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danne kawunansu,
don guda in ta ɗaga kai
sai ta yaga maka sanfefa, ta ɓata maka yini.

Sannan ruri.
Mai kaushi tukuna, wadda ba ta da kunya,
sai matsakaiciya,
sai ta ƙarshe da lallashi kaɗai ta iya.
Ba a tsayawa da inji wuri guda;
ka tsaya tunani, ya haƙa maka rami.
Tafiya ake yi, ana bin jijiyar itace
inda ta nufa, ba inda kai ka so ba.

Na ɗaga kai na ga dusa biyu:
ta ƙanƙara a waje, tana rufe abin da aka yi jiya,
ta katako a ciki, a girata, a bakin kofin gahawa,
tana tono launin zuma
da ya kwana shekaru a ƙarƙashin dauɗa.
Ɗakin ya ɗauki ƙamshin daji.

Sirkka ta shigo da gyale a hanci,
ta nuna tsagogin da ke tsakanin katakai.
"Cike min su, Raimo.
Har ɗan kunnena ɗaya suka haɗiye."
Na kashe inji.
Na ce, "Bar su. Zafin hita ne ya tsotse su.
In Yuni ya zo, tafki ya saki ruwansa,
kowane zai sha danshi ya kumbura,
ya jingina da ɗan'uwansa.
Na cusa wani abu yanzu, tofar da shi za su yi.
Abin da zai dawo, wuri ake bar masa."

Ba ta amsa ba.
Taga ta duba.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne kauri.
Na auna a gindin bango:
gurza ɗaya ta rage wa wannan daɓe bayan tawa,
in mai yin ta na da sauƙin hannu.
Gwiwoyina ma lissafinsu ke nan.

Mai kuwa shafi uku ne, kowanne da kwanansa,
don sanyi ba ya son gaggawa.
Da baya-baya ake yi, daga lungu zuwa ƙofa,
kamar mai sallama da babba,
kada ka rufe kanka a kusurwa.

Ran na huɗu ta dawo daga gidan ƙanwarta,
ta tuɓe takalmi a soro ba wanda ya ce mata.
Cikin safar ulu ta taka,
a hankali, kamar mai gwada ƙanƙarar farko a kan kogi.
Daga murhu ta nufi taga.
Sawu ɗaya, na ce a raina, an fara.

Na ɗora inji a mota.
Sawuna na safe tuni an share shi.
Na ɗauko magogi, na shiga kankare gilashi.