Taswira Ta Ce Ba Kowa

Takardar da suka liƙa a bangon ofis, can Kharaghoda,
ta shafa wa filinmu fari fat,
wai jakunan daji kaɗai ke yawo a nan.
To mu da muke wata takwas a ciki,
muna taka laka har ta daskare ta riƙe ruwan gishiri,
aljanu ne?

Ni ce Lilu, 'yar Harkha mai jan gishiri.
Na aro wayar ƙanina mai tsagaggen gilashi
na bi bukkoki ɗai-ɗai.
Rubutuna bai taka kara ya karya ba,
amma na iya zama,
na iya shiru har tsohuwa ta gama tari.

Jivati ta ce, rijiyar can kakana ya haƙa ta,
shekarar da ambaliya ta tafi da raƙumin Bhura.
Na ce, matso da bakinki nan.
Ta ce, wa zai ji?
Na ce, ban sani ba tukuna.

Manga ƙafa ya miƙo mini,
duk faso, kamar gindin tafki da rani.
Ya ce in namu ya mutu aka ɗora shi kan itace,
jiki yakan ci, ƙafafu su ƙi,
gishiri ya riga wuta shiga.
Ga hatimi nan, in hatimi suke nema.

Da madubi muke kiran juna a wannan fili,
haske ya tsallaka inda murya ta gaza.
Ranar tafiya haka muka yi,
walƙiya daga bukka zuwa bukka,
mutum ɗari da sha bakwai a bayan tarakta uku.

Jami'i ya ce, ina takarda?
Na ajiye wayar kusa da kofin shayinsa.
Muryar Jivati ta fito, da tarinta da komai.
Ya saurara minti huɗu, ya dubi agogo,
ya ce mu dawo bayan bikin Holi.
Amma magatakardansa, wani siririn yaro,
ya biyo mu har bakin ƙofa
yana tambaya ƙasa-ƙasa yadda ake rubuta sunan tsohuwar.

Yanzu dare ya yi, iska na kaɗa buhun rufi.
Wayar na shan caji a jikin batirin famfo.
Bukka arba'in da ɗaya suka rage mini,
ta ƙarshen tana can wajen tudu,
kuma an ce mai ita ba ya son baƙi.
Gobe da asuba zan fara da shi.