Ruwan Cikin Taya

Shekara ashirin ina faci a Kurna,
bakin titin da ya miƙe zuwa Katsina.
Na san ciwon taya da kunnena.
In tsoma tib a baho, in jira kumfa,
duk ɓoyon huji, sai ya tona kansa a ruwa.

Bayan rumfata akwai tsibin tayoyi,
sun gama aiki, sun siɗe kamar tafin hannu.
Ban zubar ba. Wa ke zubar da kuɗi?
Masu yankan takalmi kan zo, masu guga kan zo,
sauran na jingine, damina ta yi ta zuba.
A ganina jari na ajiye a inuwa.

Wata Laraba Mudan bai tashi ba.
Yaron da ke ɗaga jak da hannu guda
ya ce, "Baba, ana sara min ƙashi,
bayan idona kamar an kafa ƙusa."
Na ce maleriya ce, na aika kemis.
Kwana uku, ƙwaya ta ƙare, jiki garwashi,
ga jajayen ƙuraje, ga jini a dasashi.
Ranar na ga yadda tsoro ke zama a fuskar uwa.

A Asibitin Zana aka ɗebi jini.
Likita ta ce, "Dengi ne."
Na ce, "Dangin wa? Mu ba mu gaji wannan ba."
Ba ta da lokacin dariya.
"Kar a ba shi asfirin. Mun riƙe shi, za a sa ƙarin ruwa.
Ya kwana a gidan sauro, ya wuni a ciki,
kada wanda ya cije shi ya kai wa kowa."

Washegari sai ga duba-gari, su uku,
Malama Hansatu a gaba, da tocila da ludayin roba.
Na gyara tsayuwa, na zaci tara ce.
Ko kallon kwata ba ta yi ba.
Ta karkata taya ɗaya, ta ɗebo,
ta miƙo min har hanci:
'yan tsutsotsi, wutsil-wutsil, suna rawa.

"Wannan ba sauron dare ba ne, Malam.
Ƙafarsa fari da baƙi kamar saƙi,
da hantsi yake cizo, da la'asar sakaliya.
Ruwan murfin kwalba ma ya ishe shi haihuwa."

Na yi shiru.
Ni da na tsufa ina toshe huji,
yau an ce in koyi hudawa.

Muka huda, muka kife, muka cika wasu da yashi.
Ɗanliti mai shayi ya rufe duronsa yana ƙunƙuni,
matan layi suka kankare randuna.
Da yamma motar feshi ta bi da hayaƙi,
yara na bin ta da ihu.
Hansatu ta ce, "Hayaƙi iyaye yake kashewa.
Ƙwai na nan manne a roba, yana jiran damina ta dawo."
Har ta kai titi, sai ta juyo,
ta nuna bahon da nake cin abinci da shi:
"Wannan fa, yaushe rabonsa da wankewa?"

Mudan ya dawo ranar ta tara,
wando na zame masa, yana neman kunu.
Yanzu duk Juma'a, kafin in tafi masallaci,
nakan tuntsurar da bahon, in dirje shi da soso,
shi kuma ya bi tsibin, taya bayan taya,
yana girgizawa, kunnensa a kusa,
ko zai ji motsin ruwa.