Ɗan Mai Bin Sawu

Kuɗin sallamata na koyarwa,
shekara talatin da biyar da alli a hannu,
na tattara na sayi Sharon mai ruwan toka.
Na miƙa wa Labbo makulli
ya riƙa jigila, Jega zuwa Kamba.
Ni ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba.

Sai aka ɗauke motar Maidamma
a ƙofar masallaci, yana raka'a ta biyu.
Kafin a shafa, an ce ta wuce Bunza.
Daren nan Jimmai ta ce, "Malam, wannan juyi fa?"
Na ce sauro ne.
Ta yi shiru, don ba ta ji kukan ko guda ba.

Da hantsi na nufi shagon Arzika
bayan tasha, inda warin albasar Aliero
ke kokawa da na baƙin mai.
Ya zube mini su a tebur kamar goro.
"Wagga ga batir aka ɗaura ta,
ɓarawo na taɓa waya ta kira ka.
Wagga maganaɗisu gare ta, liƙa ta ƙarƙashin kujera,
sai dai duk sati biyu tana son caji.
Wagga ko, kana bisa tabarmarka
ka latsa, inji ya mutu nan take."
Na ce, in da fasinja ciki fa, a kan gada?
Ya sosa ƙeya, bai ce komai ba.

Na tambayi kuɗin shekara. Na tambayi layi,
wanne ke kamawa bayan Dakingari.
In ta ƙetare iyaka ta faɗa Gaya fa?
Ya ce, "Nan kam, Malam, sai addu'a."
Amsar ta kwanta mini.
Wanda ya san inda hajarsa ta tsaya
ba zai auna maka iska a mudu ba.

Mahaifina mai bin sawu ne.
In an kore shanu daga fadama
shi ake tayarwa da asuba.
Ya durƙusa, ya shafa gurbin kofato a laka,
ya ce, "Biyar ne, guda na ɗingishi,
mai korarsu takalminsa ya tsinke."
Ga ɗansa yau, tabarau a karan hanci,
yana juya abu kamar gidan ashana
don kwalta ba ta san riƙon sawu ba.

Na ɗauki ta batir.
Dubu talatin da takwas, bayan ciniki har azahar.
Na ce wa Labbo juyen mai za a yi,
ya je ya ci abinci.
Ban kalli idonsa ba.

Kwana tara ina kiwon ɗigo a waya.
Ya tsaya, in tsaya. Ya tafi, in numfasa.
Shayi ya huce, Jimmai ta daina magana.
Na san ramin da yake kauce wa,
na san mai ƙosan da yake tsayawa gunta,
na san ƙarfe nawa yake sallar la'asar.
Abin da na saya don ɓarawo
ya koma gadin wanda bai ci mini ko sisi ba.

Ran na goma ya kawo kuɗin yini,
ya ajiye, ya ƙirga, ya gyara zama.
Na buɗe baki in faɗa masa.
Ya riga ni: "Malam, abin nan naka na bayan rediyo,
wayarsa ta saki tun shekaranjiya a ramin Kalgo.
Na sa salatif na ɗaure.
Kada a sace mu ba ka sani ba."

Ya tashi, ya sa takalmi.
Na bi sawunsa da ido har zaure,
ga shi nan raɗau a ƙasa,
ban iya karantawa ba.